Goron da na kai Faransa na dawo da shi

Shekarar da na ɗauko Inna daga Damagaram, damina ta yi mana rowar da tsofaffi ma suka ce sun jima ba su ga irinta ba. Gero ya fito ya kai gwiwa, ya tsaya nan, ya bushe a tsaye. Inna fura take sayarwa a Birni, tsohuwar unguwar garin, kuma mai fura in ba gero sai zaman tagumi. Babanmu ya riga ya rasu, ƙanena ya tafi ci-rani Libiya ba wanda ya san ranar dawowarsa. Ni ce babba, ni ce mai albashi, ina aikin ungozoma a wata materniti a Yamai. Da na ɗauki hutu na je, na tarar ta sayar da awakinta saura ɗaya, tana dafa ganye da ɗan tsaki sau ɗaya a wuni, tana ce wa maƙwabta azumin nafila take yi. Ban nemi shawararta ba, don na san amsar da zan samu. Na ɗaure mata kaya, na sa wa ƙofar zaure kwaɗo, na ba maƙwabciyarmu makulli da akuyar, muka hau mota.

Burina ɗaya ne, kuma ban ɓoye wa kowa ba: ta zauna wurina har ƙarshen ranta. Tsoron da nake kwana da shi na tashi da shi, kada wata rana a aiko mini cewa yunwa ta kwantar da uwata alhali ina cin albashin gwamnati.

A unguwar Bukoki muke haya, ɗaki biyu a cikin gidan mutane da yawa, famfo ɗaya a tsakar gida. Zaman ya yi wa Inna wuya ta fuska biyu. Ni ce 'yar farinta, don haka tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma kallon fuskata in tana yi mini magana. Sai ta ce "ke", tana duban bango ko tukunya, ni kuma na san da ni ake. Ga kuma kunyar suruki. In maigidana yana cikin gida ba ta cin abinci, ba ta ko shan ruwa. Bawan Allah sai ya ɗauki rediyonsa da tabarma ya koma ƙofar gida har ta gama. Har maƙwabta suka soma yi masa ba'a wai an mai da shi gadi.

Lokacin sojoji ne ke mulki. Ba a zancen gwamnati da ƙarfi, ko a wurin aiki sai ka duba bayanka kafin ka ce hatsi ya yi tsada. Bakin gari ya cika da mutanen da fari ya koro, sun kakkafa 'yan bukkokin tabarma da buhu. Daga baya aka soma kwasarsu a kamiyo, manyan motocin kaya, ana mayar da su garuruwansu, wai a je a yi noman rani. Duk ranar da Inna ta ji labarin a rediyo sai ta ce wa bango, ga mota kyauta ana zuwa gida amma wasu an ɗaure musu ƙafa. Ni kuma sai in yi kamar kurma.

Mutum ɗaya ce ta saba da ita, wata Bazabarma mai sayar da kopto, wato kwaɗon zogale, a ɗakin da ke kallon namu. Hausarta ta kasuwa ce, ba ta raba mace da namiji a magana, Inna kuma ba ta iya komai a Zabarmanci ba sai "fofo", wato sannu ko na gode. Amma haka za su wuni suna tsinkar zogale suna hira, kowa na gyara wa kowa. Ita ce ta kai ta Saga, can gefen gari, ta ga fadamun shinkafa kore shar a bakin kogi, a shekarar da ko ciyawa ta zama abin nema. Na sa rai abin zai burge ta. Da ta dawo ta ce wuri ya yi kyau, Allah ya sa wa masu shi albarka, amma shinkafa ba ta kama cikin mutum, kafin la'asar ta bi iska.

Ana nan sai sunana ya fito cikin waɗanda za a tura Faransa ƙarin ilimi na 'yan watanni. A zamanin nan in sunanka ya fito ba ka cewa uwarka ba ta saba da gari ba tukuna. Na roƙi maƙwabciyar nan Bazabarma ta sa mini ido a kanta, na kuma ja wa maigida kunne kada ya yarda a kai ta tashar mota ko da rakiya ce.

Ana gobe zan tashi, Inna ta tura mini wani ƙunshi da ƙafar muciya, ba ta ko dube ni ba. Farin goro ne manya-manya, an naɗe shi da ganye da jiƙaƙƙen tsumma. Ban san inda ta samo shi ba. Ta ce baƙo ba ya shiga gari ya zauna bai gai da masu garin ba, in na sauka in tambayi gidan sarkinsu in kai. Na so in yi mata bayanin cewa mutanen nan sun daɗe da rabuwa da sarakunansu, kuma ba ta hanya mai daɗin faɗi ba. Sai na ga bayanin zai yi tsawo, na karɓa na cusa a jaka.

Garin da aka kai mu tsohon birni ne a bakin wani kogi, kuma a tsakiyarsa akwai abin da suke kira shato, wato gidan sarakunansu na da, mai ganuwar dutse. Kullum in za mu asibiti muna wucewa ta gindinsa. Goron kuwa na ajiye shi a kan taga ina yayyafa masa ruwa, ban sani ba ashe ƙarfen ɗumama ɗakin da ke ƙarƙashin tagar yana ta aikinsa. Kafin in farga ya soma yanƙwanewa. Ranar wata Asabar da aka ce za a kai mu kallon shaton, na jefa ƙunshin a jakar hannu. Rabi wasa nake, rabi kuma don in na koma in iya cewa na kai ba tare da na yi ƙarya ba.

Gaskiya ginin ya cika ido. Dutse ne baƙi da fari aka jera layi-layi, hasumiyoyi masu kauri sun zagaye shi, kowace ta fi soron gidanmu faɗi. A gindin ganuwar akwai rami mai zurfi da aka haƙa don hana maƙiya matsowa, yanzu an shuka furanni a ciki. Muka bi ta wata gada muka shiga ƙofa mai duhu da sanyi. Ina sa ƙafa a ciki na ji bakina ya yi sallama da ƙarfi, ba da shawarata ba. Muryar ta bugi dutse ta dawo mini. Abokiyar karatuna, wata 'yar Bamako mai son dariya, ta ce in jira tukuna, mai gidan yana wanka. Har hannuna ya nufi takalmi kafin in tuna inda nake.

Wata budurwa ce ke yi mana jagora, da tarin makullai a hannu. Ta kai mu ta wata matakala mai murɗewa, mai ƙunci kamar maƙogwaron tulu, ta nuna mana ƙananan tagogin da ake harbo kibiya ta ciki. Ta lissafa sarakuna da yaƙe-yaƙe har na daina bi. Da muka hau can sama na ga garin gaba ɗaya, rufin gidaje na baƙin dutse, kogi cike maƙil yana tafiya abinsa ba mai ɗiba. Haushi ya kama ni, na rasa wanda zan ji wa. Na tuna geronmu da ya mutu a tsaye, ga ruwa nan ana zuba wa furanni a cikin rami.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne madafa. Ɗaki ne babba, da murhu a jikin bango wanda za a iya gasa bijimi guda a ciki. An share shi tas, ba toka, ba gawayi, ba ko ƙaurin hayaƙi. An ɗaura igiya a gabansa don kada a matsa. A tsakar gidan kuma ga rijiya an rufe bakinta da ragar ƙarfe, ba guga ba igiya. Na tambayi budurwar ina jikokin masu gidan suke. Ta ɗaga kafaɗa ta ce an daɗe rabon da wani ya kwana a nan, gidan na gwamnati ne, in yamma ta yi ita ke kullewa ta hau kekenta ta tafi gida.

Na zauna a kan wani dakalin dutse na fito da ƙunshin. Na dubi mai sayar da tikiti a bayan gilashinsa, na dubi budurwar. Dukansu ma'aikata ne irina, masu jiran lokacin tashi. Ban ga wanda zan durƙusa wa in ce ga gaisuwar baƙuwa ba. Na mayar da goron cikin jaka, na sayi katin hoton ginin a bakin ƙofa. A ranar ban ji baƙin ciki ba. Sha'awa ce ta cika ni, ina cewa a raina ga mutanen da suka yi gini sau ɗaya suka huta, ba irin namu na ƙasa ba da kowace shekara sai an yi yaɓe kafin ruwa ya sauka.

Na dawo Yamai na tarar da Inna tana nan, har ta ɗan yi kumatu. Na gode wa Allah, na ce ashe ta haƙura. Bayan la'asar muka baje a tsakar gida ina rabon tsaraba, maƙwabciya na gefe, ina ta zuba labari. Ni dai in na samu masu saurare ba na sanin wurin tsayawa. Na fito da katin na miƙa wa Inna, na ce ga gidan sarkin da ta aike ni. Na faɗi kaurin bango, na faɗi tsawon hasumiya, na ce ginin ya girmi kakan kakan wanda ya gina gidanmu, kuma ko tsagewa bai yi ba. Nufina ta ji cewa duniya da faɗi take, Birni ba shi kaɗai ne tsohon gari ba.

Ta riƙe katin nesa da fuskarta ta daɗe tana kallo. Sai ta soma tambaya, tana duban hoton. Wa ke share wannan uban gida? Na ce ma'aikata. Matan gidan ta wane gefe suke? Na ce babu mata. To wa ke ɗora tukunya? Nan na ba ta labarin murhun, har da igiyar da aka ɗaura masa, ina dariya. Maƙwabciya ma ta yi dariya ta ce Nasara da abin mamaki yake. Inna ba ta yi ba.

Ta ce, "Goron hwa? Wa ya amsa?"

Na shiga ɗaki na ɗauko ƙunshin na buɗe a gabanta. Ya bushe ya yi ja, ya ƙanƙance. Na ce na yi sallama ba a amsa ba, na duba ban ga wanda zan ba ba.

Ta ɗauki ɗaya ta juya shi a tafin hannu. Ta ce, "Ashe kango ne kika tahi kallo. Gini na tsaye, ba mai amsa sallama."

Ta naɗe goron a bakin zanenta ta tashi ta yi alwala. Na ɗauka magana ta wuce.

Kwana kaɗan bayan haka na dawo daga aiki na tarar ta wanke kayanta duka, ta ninke, ta ɗaure a zane ɗaya ta ajiye bakin ƙofa. Ban tambaya ba, na gane. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ni in raina ya ɓaci unguwa na ji. Na ce mata ba ko ƙwayar gero a rumbunan Damagaram, damina saura watanni, ba wanda ya san ma ko za ta zo. Na ce me ta rasa a nan, wa ya yi mata kallon banza? Na ce gidan ƙasa ne, ba ya jin yunwa, ba ya ciwo, ko shekara goma aka yi yana nan inda aka bar shi. Maigida ya leƙo ya ce in sassauta murya, na ce ya koma wurin rediyonsa. Har barazana na yi, na ce ba mai ba ta takardar wucewa shingen jandarma in ban sa hannu ba, alhali ni ma na san ba haka abin yake ba.

Ta bar ni na gama. Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun ina yarinya: ta ɗago kai ta dube ni cikin ido.

Ta ce, "Ɗiyata, ba ki yi mini komi ba sai alheri. Na ci na ƙoshi a gidanki. Amma a ɗakin can na haihe ki, a zauren can aka yi wa ubanki salla. Yanzu in wani ya zo ya yi sallama, akuya ce za ta amsa mishi? Ke da bakinki kika hwaɗi yadda gida ke zama in an bar shi. Ba ni so a ɗaura wa murhuna igiya ina da rai."

Kalmar "ɗiyata" ɗin nan ban taɓa jin ta daga bakinta ba. Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata, rabi na tausayi rabi na haushin kaina da dogon bakina. Da na yi shiru da labarin murhun nan, wataƙila da ta kai damina a wurina.

Na kai ta tasha da kaina, da buhun gero da na sha wuya kafin in samu, da rabin buhun shinkafar da ta ce ba ta kama ciki. Maƙwabciya ta rako mu tana share hawaye, ta cusa mata ƙullin busasshen zogale. Inna ta ce mata "fofo" har sau uku. Ni kuwa ba ta sake dubana ba, ta koma yi wa tagar mota magana, ta ce a riƙa rufe tulu saboda yara.

Daga nan duk wata nakan bi direbobin Damagaram in aika da abin da ya samu. Daga baya na ji cewa rabin abin da nake aikawa a gidajen maƙwabta yake ƙarewa, na yi faɗa ta bakin direba, ya dawo ya ce ta ce ta ji. Allah ya sa damina ta gaba ta yi kyau. Da na je hutu na tarar kumatun da ta yi a Yamai sun zube, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Amma tun daga bakin lungu na hango hayaƙi na tashi ta bayan zaure. An yi sabon yaɓe, an sake fito da zanen da ke jikin ƙofar. Na yi sallama, ta amsa daga madafa, da muryar da ban taɓa jin ta yi amfani da ita a Bukoki ba. Goron nan kuwa na tambaye ta, ta ce ranar da ta sauka ta kai wa mai unguwa ta ce ga tsarabar Faransa, ya karɓa ya sa albarka, ya jiƙa shi ya ci.

Ta yi 'yan shekaru bayan haka, ba masu yawa ba. Har yau ban yanke wa kaina hukuncin wanda ke da gaskiya tsakaninmu ba. Na yi aikin asibiti tsawon rayuwata, na san abin da shekarar yunwa ke yi wa jikin tsoho, kuma na san da ta zauna kusa da ni da wataƙila ta ƙara kwana. Na kuma san a Bukoki ko ruwa ba ta sha sai ta leƙa ta ga wa ke tsakar gida. In na auna wannan da wancan, wata rana nakan ba ta gaskiya, wata rana in ba kaina.

Bayan rasuwarta ƙanena ya dawo daga Libiya ya zauna a gidan na ɗan lokaci, sannan ya yi gini a sabuwar unguwa inda mota ke shiga, ya tashi. Ni aiki da yara suka riƙe ni a Yamai. Aka sake sa kwaɗo, makulli ya koma hannun maƙwabta. Muna aika kuɗin yaɓe, ana yi, gidan bai faɗi ba.

Bayan na yi ritaya na je Damagaram biki, na ce bari in leƙa. Ina karyo kwanar lungu na ga wasu Nasara tsaye a ƙofar gidanmu da na'urar hoto, wani mutum na yi musu bayani da Faransanci. Yana nuna zanen zauren da sanda, yana cewa wannan gidan wani attajiri ne na zamanin fatake, irin ginin da ba a yi yanzu. Na tsaya a bayansu da jakata ina saurare kamar ni ma kallo na zo. Wata daga cikinsu ta tambaye shi ko akwai masu zama a ciki. Ya ce a'a, an daɗe, masu shi suna babban birni.

Na jira suka wuce. Surukar maƙwabciyarmu ta kawo makulli, don tsohuwar ita ma ta rasu. Na buɗe na shiga zaure na yi sallama, na san ba mai amsawa amma na yi. Matar kirki ce, tana shiga lokaci-lokaci ta yi shara, don haka tsakar gidan fes yake. Na wuce madafa. Duwatsun murhun Inna uku suna nan inda ta bar su, an share tsakaninsu tas, ba ko ɗigon toka.

Sannan na leƙa ta katanga na ce wa matar ta sammini garwashi da 'yan itace da tukunya. Ta ce in yunwa nake ji ai ta sauke tuwo, in shigo in ci. Na ce mata na ƙoshi, ruwa kawai zan ɗora.